Otal a Jos, mai shi a Abuja: a koma tsarin gajimare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da otal mai ɗaki 30 a Rayfield, Jos, amma ni a Abuja nake zaune. Har yau da littafi da wata tsohuwar kwamfuta muke karɓar baƙi. Ɗana ya dage mu koma tsarin gajimare, manaja kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ɗanka ya fi gaskiya, sai dai aikin ya fi yadda yake zato nauyi.

A wannan tsari, bayanan otal ba sa zama a kwamfutar teburin karɓar baƙi. Suna can a manyan na'urorin kamfanoni irin su Amazon, wanda ya fara hayar wannan hidima a 2006, ko Microsoft. Kai dai ka biya kuɗin wata ga mai manhaja, misali Cloudbeds ko OPERA Cloud ta Oracle, ka shiga ta wayarka. Kana zaune a Abuja za ka ga ɗaki nawa aka kama daren jiya, nawa aka biya ta POS, nawa ta tiransifa. Idan baƙo ya kama ɗaki ta shafin kama ɗaki na intanet irin Booking.com, nan take a rufe shi a sauran shafuka, don kada a sayar wa mutum biyu ɗaki ɗaya, abin da ke jawo rigima a Disamba lokacin da Jos ke cika.

Manajan ma bai rasa hujja ba. Manhajojin waje galibi da dala ake biyansu, kuma ka san yadda Naira ta yi tun da aka sake ta a Yunin 2023. Nemi farashin shekara a rubuce. Sannan in intanet ya ɗauke, aiki ya tsaya, don haka sai layi biyu na kamfanoni daban-daban, ko Starlink, da inbata.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne ma'aikata. Littafi yana da rufin asiri. Ɗakin da aka bayar na awa uku ba a rubuta ba, ragin da aka yi wa aboki, lemon da ya fita daga firji babu rasit, duk littafi yana haɗiye su. Manhaja kuwa tana rubuta sunan wanda ya taɓa lissafi da lokacin da ya taɓa. Ba ina cewa manajanka ba shi da amana ba ne. Sau da yawa dattijon da ya shekara ashirin yana riƙe da gida tsoronsa kawai kada yaron da ya iya kwamfuta ya sha gabansa. Shi za ka fara koyarwa, kuma shi zai koyar da na ƙasa da shi. In ka tsallake shi, za a koma littafi a ɓoye, manhajar ta zama ado.

Kowa ya sami lambar sirrinsa, kada a yi tarayya. A fayyace wanda ke da ikon yin ragi da soke rasit. Masu gyaran ɗaki su riƙa nuna wanda suka gama ta waya, akanta ya daina kwafe lissafi da hannu ya koma bin diddiginsa. Wannan sauyin matsayi ne, kuma gara su ji shi daga bakinka tun kafin a kawo na'ura.

Kada ka manta Dokar Kare Bayanai ta 2023: sunaye, lambobin waya da katin shaidar baƙi amana ce a wuyanka ko da wani kamfani ke ajiye su. Ka tambaye su ƙasar da suke ajiyewa, da yadda za ka kwashe bayananka ranar da kuka rabu.

Ka fara da damina lokacin da baƙi suka ragu, a haɗa littafi da manhaja na wata guda, ana gwada lissafin biyun kowane dare kafin a rufe littafin.