Kafin ka sayi rigar sanyi: amsa ga ɗan ƙanwata mai shirin zuwa Ingila

Assalamu alaikum, ɗana. Ina fata kana lafiya, da mahaifiyarka da mai ɗakinka da sauran mutanen gida.

Saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka gurbin digiri na biyu a wata jami'a a nan arewacin Ingila, za ka fara a watan Janairu. Allah ya sanya alheri. Ka tambaye ni abu biyu: ko sanyin nan ya kai yadda ake zuzuta shi, da kuma ko gaskiya ne a lokacin korona gwamnati ta riƙa biyan mutane albashi suna kwance a gida. Sannan ka ƙara da cewa kai dama ba mai son hayaniya ba ne, in dai akwai wuta da intanet zaman ɗaki ba zai dame ka ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa na zauna na rubuta maka doguwar amsa, maimakon in ce maka ka zo ka gani.

Batun kuɗi tukuna, tunda na san shi ya fi tsaya maka a rai. An yi hakan. A watan Maris na 2020 Rishi Sunak, lokacin yana ministan kuɗi, ya fito da tsarin da gwamnati ke biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikacin da aka dakatar da aikinsa, har zuwa fam 2,500 a wata, kuma tsarin ya kai ƙarshen Satumba na 2021. Sai dai fa sai mai aikinka ya sa sunanka. Masu aikin wucin gadi, irin wanda ake kiranka yau gobe a manta da kai, da yawansu ba su ga ko sisi ba. Ɗalibi kuwa, an rubuta a sharuɗɗan bizarsa cewa ba shi da haƙƙi a tallafin gwamnati irin na marasa aiki. Yawancin mutanenmu ma ba su zauna a gida ba, domin ayyukan da ke hannunmu su ne waɗanda ba a rufewa: asibiti, gidajen kula da tsofaffi, tuƙin bas, ɗakunan ajiyar kaya, gadi. Mu ne muka riƙa fita da asuba cikin duhu da takunkumi a fuska yayin da sauran gari ke barci.

Shi kuwa sanyi, jiki yana sabawa. Wanda ya taɓa yin alwala da ruwan randa a hunturun Jos ko Funtuwa ba zai mutu a Mancesta ba. Abin da ba a faɗa muku shi ne duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas na safe, kuma kafin huɗu na yamma ta faɗi. In ma ta fito, galibi gajimare ne da yayyafi mara yankewa. Azahar sha biyu da 'yan mintoci, La'asar kafin biyu, Magariba kafin huɗu: salla uku cikin awa huɗu. Ka idar da Isha'i wajen shida, ka duba agogo, ka ga dare bai ko fara ba. Wannan dogon daren shi ne abokin gabarka, kuma a tsakiyarsa za ka sauka.

To ka ɗora dokar kulle a kan wannan. Mu a Mancesta mun ƙara ɗanɗana ta tun kafin hunturu. Daren jajiberin Babbar Salla, 30 ga Yuli 2020, aka sanar cewa an hana shiga gidajen juna a yankinmu, mata sun riga sun yi cefane. Daga 5 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba aka rufe Ingila baki ɗaya, har da sallar jam'i. Ranar 4 ga Janairu 2021 Boris Johnson, firaminista a lokacin, ya sake fitowa a talabijin ya ce kowa ya zauna a gida, makarantu kuma ba su buɗe wa dukkan yara ba sai 8 ga Maris. A wannan karo na uku doka ta bar wuraren ibada a buɗe, amma masallatai da yawa sun rufe da kansu. A cikin watan Janairun nan ne adadin waɗanda cutar ta kashe a Birtaniya ya haura 100,000.

Muna da majalisa, mu dattawan Hausawa na nan. Tun kafin a haife ka ake yin ta. Duk Asabar muke haɗuwa a gidan babbanmu a Cheetham Hill, kowa ya zo da kwanonsa a yi ciyayya kamar a zaure. Akwai likita mutumin Zariya, akwai direban tasi ɗan Maraɗi, akwai wani Bakatsine da ya yi ritaya daga koyarwa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Landan, yana zaune shi kaɗai a wani dogon bene a Salford. Da aka hana haɗuwa sai 'yar likitan ta haɗa mu a Zoom. Ba mu biya kuɗi ba, don haka duk minti 40 sai ya yanke, mu sake shiga, wanda aka katse wa magana ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai ba. Babbanmu kuwa har aka gama kullen bai yarda waya ana riƙe ta a gaban fuska ba. A kunne yake kara ta. Wata uku muna hira da kunnensa da gefen hularsa.

Da farko Asabar kawai muke yi. Kafin Disamba ta ƙare ya zama kullum bayan Isha'i.

Za ka ce me tsofaffi ke tattaunawa kowane dare? Labarin korona ba ya wuce minti biyar, kowa ya gaji da shi. Sauran duk jiya ce. Babbanmu tsohon ma'aikacin masaƙar Kaduna ne, ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957 da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na garin Rawtenstall, nan arewa da mu kaɗan. Kwas ɗin aikin saƙa ne ya fara kawo shi ƙasar nan. Yakan ce ya ga mutuwar masaƙa sau biyu, ta Lankasha da ta Kaduna, kuma har yau yana iya kwaikwayon ƙarar jiniyar canjin aiki, da yadda kekuna ke cika titin Kakuri idan an tashi. Daga nan sai a shiga jirgin ƙasa daga Kano zuwa Legas, a yi ta gardama kan tashoshi, wane ne ya fi tuna abin da ake saya ta taga a Minna, da yadda kowa ke yin shiru idan an hau gadar Jebba. A tuna canjin hannu na 1972, da zuwan naira da kwabo a 1973, da kuɗin Udoji na ƙarin albashi da suka sa kowane akawu ya sayi rediyo da babur. Ranar da labarin rasuwar Balarabe Musa ya zo, a Nuwamba 2020, tsohuwar rigimar santsi da taɓo, ɓangarori biyu na jam'iyyar PRP, ta tashi sabuwa fil, mutane masu jikoki suna ɗaga wa juna murya a kan abin da ya faru shekara arba'in da suka wuce. Ɗan Maraɗi ya bari sai da muka gaji, ya ce shi dai a Nijar zamanin Kunce ko gardamar ba a yi. Aka bushe da dariya.

Ni a ganina hirar nan ba ɓata lokaci ba ce, ƙidaya ce. Kowane dare muna duba wa ya shigo, wa bai shigo ba, muryar wa ta dushe, wa ke sanye da rigar sanyi a cikin falonsa. Wannan na ƙarshe alama ce ta cewa mutum yana tsimin gas. Gidajen haya da yawa suna da mitar da ake sa wa kuɗi, ka kai ɗan makulli ko kati kantin unguwa a loda maka, in ya ƙare hita ta mutu. Haka muka gane halin da Bakatsinen nan yake ciki. Dare biyu bai shigo ba, wayarsa tana ƙara ba a ɗauka. Direban tasi ya je ya yi ta buga ƙofa. Ya same shi cikin bargo, ɗakin kamar firji, ba abin da ya ci sai shayi da biskit. Ba korona ba ce, kuma ba rashin kuɗi ba ne, yana da fansho. Cewa ya yi ya rasa dalilin tashi ya dafa abinci don mutum ɗaya. Doka ta yarda mai zaman kaɗaici ya haɗe da gida guda, su zama kamar iyali ɗaya, sai muka haɗa shi da gidana.

A nan sai in faɗi gaskiya, mu maza surutu muka yi, mata su suka yi aikin. Gwaggonka da matan sauran suka raba kwanaki. A tuƙa tuwo da garin shinkafa ko semo, a zuba a kula, a kai ƙofar gida, a danna ƙararrawa, a ja da baya zuwa bakin titi a gaisa daga nesa. Kuɓewa ɗanya da doya ana samu a kantunan 'yan Pakistan da na mutanen Gana a Longsight da Moss Side. Kuka da daddawa ne suka yi wuya, domin dama a jakar matafiya suke zuwa, matafiya kuma sun ɗauke ƙafa. Na ga ranar da gwaggonka ke auna kuka da cokalin shayi, tana ƙulla ta a leda gida-gida. Daddawa da ta ƙare sai aka koma wa irun Yarabawa na cikin firiza, ana yi ana mita. Ga wanki ba wurin shanya, sai a kan hita, tagogi su yi ta zufa, bango ya yi baƙi-baƙi da fumfuna. Duk da haka ita ke fita aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ta dawo ta tuɓe kayan aiki tun daga bakin ƙofa kafin ta gaisa da kowa.

Direban tasi ya rasa fasinja, filin jirgi ya zama kufai, sai ya koma kai wa mutane abinci gida-gida, yana da shekara sittin da wani abu. Likitan kuwa wani lokaci yakan shigo hirar daga cikin motarsa a bakin asibiti, shatin takunkumi a kan hancinsa, ba ya cewa komai, sauraro kawai yake yi. Shi ya matsa mana muka yi allurar rigakafi da aka fara ranar 8 ga Disamba 2020, lokacin saƙonnin murya na WhatsApp daga gida suna ta tsorata mutane.

Mun yi rashi a watan Janairu. Ɗaya daga cikinmu, mai ciwon sukari, ya shiga asibiti bai fito ba. Mutum 30 kawai doka ta yarda su halarci jana'iza. Muka tsaya nesa da juna a maƙabarta, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ɗansa yana riƙe da waya sama domin 'yan'uwa a Kano su gani. Ba zaman makoki, ba sadakar uku, ba wanda ya shiga ya zauna da matarsa. An ce zumunci a ƙafa yake, ga ƙafar an ɗaure. Binne mutum a nan kuma dubban fam ne, kabari saye ake yi. Asusun da muke tarawa a majalisa shekara da shekaru shi ya rufa asiri.

Yanzu ka dubi waɗannan mutanen da na lissafa maka. Suna da gidaje, da takardun zama, da iyali, da abokan shekara talatin, amma da ƙyar suka fita daga hunturun nan. Ɗaliban da suka iso a lokacin fa? Sun biya kuɗin makaranta cif, suka ƙare a ɗaki ɗaya da kwamfuta. Wani yaro ɗan Gombe, a kanti gwaggonka ta ji yana Hausa a waya ta tsayar da shi. Ya ce tun da ya zo ba wanda ya kira sunansa baki da baki sai ita.

Za ka ce ai kulle ya wuce. Dokar ta wuce, amma yadda ake zama a nan bai sauya sosai ba. Maƙwabci zai yi maka murmushi shekara biyar bai san sunanka ba. Ba a zuwa gidan mutum sai an yi waya an sa rana. Ba mai shayi a bakin titi, ba dandali, ba wanda zai leƙo ya ce kwana biyu ban gan ka a masallaci ba. Kai da ka ce ba ka son hayaniya, a gidanku kake faɗar haka, inda ko ka rufe ƙofa kana jin daka da kukan yara da sallamar baƙi. Ba ka taɓa jin shirun da nake nufi ba. Kuma ka sani, tun Janairu 2024 mai digiri na biyu na zaman aji ba ya zuwa da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Mai ɗakinka a gida za ta zauna. Aiki awa 20 a mako doka ta ba ka lokacin karatu, kada ka gina lissafin kuɗin makaranta a kansu, da ƙyar suke riƙe haya da abinci. Akwai kuma kuɗin lafiya da ake biya tare da biza, wanda aka mayar fam 776 a shekara ga ɗalibi tun Fabrairu 2024.

Ban ce kada ka zo ba. Ka zo, karatun yana da kyau. Amma wajen neman ɗaki, ka zaɓi wanda kuɗin wuta da gas ke cikin haya, kuma kusa da mutane da masallaci, ko ya fi tsada da fam talatin. Makon farko ka yi rajista da likitan unguwa, kada ka jira sai ka kwanta. Ka sayi ƙwayar bitamin D, hukumar lafiya ta nan tana ba masu baƙar fata shawarar shan ta duk shekara. Kullum ka fita da rana ko na rabin awa ne, ko ana yayyafi. Ranar Asabar kuma ka hau jirgin ƙasa ka zo majalisa. Za su gundure ka da Udoji da gadar Jebba, za su aike ka ɗauko buta, amma in ka yi fashin Asabar biyu wani zai buga maka waya.

Rigar sanyi kada ka saya a gida, ta nan ta fi dacewa da ruwan nan, kuma a Janairu ana karya farashi. Takalmin da ruwa ba ya shiga ya fi rigar muhimmanci. Ka zo da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, gwaggonka ta ce in jaddada maka kukar. Kilishi da dambun nama da man shanu ka bar su, an hana shigo da nama da kayan madara, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. In ka yanki tikiti ka turo min rana da lambar jirgin.

Kawunka,
daga Mancesta