Me Ya Sa Ake Duba Ƙwayoyin Gado a Sankarar Hanji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. An yi wa yayana tiyatar sankarar babban hanji, aka ce tana mataki na biyu, sannan aka nemi a aika naman da aka cire domin a duba ƙwayoyin gadonsa. Tun da an riga an san matakin ciwon, mene ne amfanin wannan gwajin? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Matakin ciwo yana nuna nisan da ƙarin, wato kumburin sankarar, ya yi ne: ko ya huda bangon hanji, ko ya kai kaluluwa, ko ya bazu zuwa hanta da huhu. Har gobe shi ne babban ma'auni. Sai dai mutum biyu za su iya kasancewa a mataki ɗaya, ɗaya ya warke da tiyata kaɗai, ɗaya kuma ciwon ya dawo masa, kuma sau da yawa bambancin yana cikin ƙwayoyin gadon da ke aiki fiye da ƙima ko waɗanda suka daina aiki a cikin ƙarin.

A 2015 masu bincike suka kasa wannan sankara gida huɗu bisa yadda ƙwayoyin gado ke aiki a cikinta, daga CMS1 zuwa CMS4, kuma na huɗun ne ya fi saurin dawowa. A 2016 kuma aka nuna cewa ƙarin mataki na biyu da ƙwayar gado mai suna CDX2 ba ta aiki a cikinsa ya fi haɗari, kuma masu shi sun fi amfana da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, bayan tiyata. Waɗannan har yanzu sun fi yawa a ɗakunan bincike.

Wanda a ganina ya fi shafar yayanki shi ne gwajin MSI, mai nuna ko ƙarin ya rasa ikon gyara kurakuran da ke aukuwa a ƙwayoyin gadonsa. Kimanin kashi 15 cikin 100 na masu wannan ciwo a Turai da Amurka suna da irin wannan ƙarin, amma wani bincike da aka wallafa a 2021 kan majinyata a Najeriya ya samu kusan kashi 28. A mataki na biyu labarin yakan fi daɗi gare su, kuma maganin kemo na 5-FU shi kaɗai ba ya yi musu wani amfani, don haka sakamakon zai iya raba shi da wahalar da ba ta zama dole ba. Wani lokacin kuma irin wannan ƙarin alama ce ta ciwon Lynch da ake gada, mai ƙara haɗarin kamuwa da sankarar hanji, wanda zai sa a shawarci 'yan'uwansa, har da ke, su je a leƙa hanjinsu da kyamara.

Ki tambayi likitansa wane gwaji ne takamaimai zai yi, da yadda sakamakon zai sauya maganin, kafin ku biya kuɗin.