Yawon jirgin ruwa a lokacin ɓarkewar mura: mu tafi ko mu fasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun watan Satumba na biya kuɗin tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga Barcelona a tsakiyar Janairu, ya bi ta Marseille da Genoa da Palermo ya dawo. Mu biyar ne: ni da maiɗakina, da yaranmu biyu masu shekara 4 da 9, da mahaifiyata mai shekara 68 wadda ke fama da ciwon suga. Yanzu kuma sai ga labarin cewa mura mai tsanani ta ɓarke a Turai. Saura mako biyar. Mu tafi ko mu fasa?
*Mai karatu daga Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Amsar ba ɗaya ba ce ga ku biyar ɗin. Kai da maiɗakinka da babban yaron, in kuna da ƙoshin lafiya, ba mu ga dalilin fasawa ba. Hajiya mahaifiyarka da ƙaramin ne abin dubawa, kuma mako biyar ɗin da ya rage ya isa a yi musu shiri, in aka fara a makon nan.

Mu fara raba sunaye, domin kalmar mura tana ruɗa mutane. Murar hunturu da muka saba da ita, ta majina da atishawa da toshewar hanci, daban take da infuluwenza. Ita infuluwenza farat ɗaya take kada mutum. Da safe yana lafiya lau, kafin la'asar zazzaɓi ya kai digiri 38 ko 39, ga rawar ɗari, ga ciwon kai da gaɓoɓi, ga busasshen tari, ga kasalar da ko tashi alwala sai da ƙyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara, kuma akasarinsu tsofaffi ne da masu wata cuta a jiki tun da farko. A Turai lokacinta daga kaka ne zuwa ƙarshen sanyi, kuma Janairu na cikin watannin da ta fi tsanani.

Abin da ya sa jirgin ruwa ya bambanta da otal shi ne cunkoso da tsawon zama. Mutum dubu uku zuwa dubu shida daga ƙasashe da dama, suna cin abinci a zaure ɗaya, suna shiga lif ɗaya, na tsawon mako guda. Wanda ya kamu yana fara yaɗa ƙwayar kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji alama, sannan alamar kan fito cikin kwana ɗaya zuwa huɗu bayan kamuwa. Ka ga wanda ya shigo da ita ranar Asabar zai iya harbin na kusa da shi, su ma su harbi wasu, duk kafin jirgin ya dawo tasha. Ma'aikatan jirgin kuwa suna nan wata da watanni, don haka cutar kan tsallaka daga wannan tafiya zuwa ta gaba. An ga haka a 1997 a wani jirgi da ke zirga-zirga tsakanin New York da Montreal, inda fasinjoji daga Ostireliya suka shigo da nau'in da ke yawo a ƙasarsu. An sake gani a lokacin zafi na 1998 tsakanin masu yawon buɗe ido a Alaska ta Amurka da Yukon ta Kanada, a watannin da ba a ma tsammanin infuluwenza a can.

To, ga aikin da ke gabanku. Na farko allurar riga-kafi, ku biyar duka. Jiki na bukatar kimanin mako biyu bayan allura kafin ya haɗa garkuwa, saboda haka wadda aka yi ana gobe tafiya ba ta da amfani a cikin jirgi. Yaron da bai kai shekara 9 ba, in bai taɓa yin ta ba, sau biyu ake yi masa, da tazarar mako huɗu. Ma'ana ƙaramin naku ya karɓi ta farko a makon nan, ta biyu kuma saura mako guda ku tashi. Babban sau ɗaya ya wadatar. Ba ta cikin alluran da ake yi wa yara kyauta a asibitocin gwamnati a Najeriya, sai an nema a manyan asibitocin kuɗi. Idan an samo, ka karɓi kwalin ka duba da idonka: shekarar da aka rubuta, ranar ƙarewar aiki, da kuma ko daga firji aka ɗauko ta, domin tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta. Iri biyu ake haɗawa duk shekara, ɗaya don arewacin duniya, ɗaya don kudanci. Ta arewaci ta wannan kakar kuke so. In ta kudanci kaɗai ta samu kuma ba ta ƙare aiki ba, a yi ta, ta fi babu nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka allurar katanga ce. A shekarar da ta dace da ƙwayar da ke yawo, tana rage yiwuwar kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Babban amfaninta ga irin su Hajiya shi ne, ko sun kamu, ba kasafai abin ke kai su ga kwanciya asibiti ba.

Na biyu, ku kai Hajiya wurin likitanta kafin tafiya. In sugarta na hawa da sauka a 'yan watannin nan, ko tana da matsalar zuciya ko ƙoda ko huhu a kan sugar, shawararmu ita ce ta haƙura da wannan tafiyar, a ɗaga mata zuwa Mayu ko Yuni. In kuwa sugar a daidaita take, ta tafi, amma likitan ya rubuta mata oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, ta riƙe a jaka. Babba yana shan miligiram 75 sau biyu a rana har kwana biyar. Yara da nauyi ake auna musu: mai kilo 15 zuwa ƙasa miligiram 30, daga nan zuwa kilo 23 miligiram 45, zuwa kilo 40 miligiram 60. Mai raunin ƙoda ana rage masa, shi ya sa ba a saye a kyamis kai tsaye. A sha bayan an ci abinci, don yana tayar da zuciya. Sharaɗinsa babba shi ne lokaci: cikin awa 48 da fara alama yake aikinsa sosai. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren iri ɗaya ne kusan kullum. Zazzaɓi ya kama mutum a rana ta uku, sai ya tuna kuɗin da ya zuba, ya ji tsoron a killace shi a ɗaki, sai ya haɗiyi farasitamol ya fita cin abinci. Awa 48 ɗin ta wuce a banza, ya raba wa jama'a cutar, sannan a rana ta biyar a kawo shi asibitin jirgi numfashi na sama-sama. Daidai shi ne a ɗaga wayar ɗaki a kira asibitin jirgin da zarar ma'aunin zafi ya nuna 38 tare da tari ko ciwon maƙogwaro. Suna da gwajin gaggawa na hanci da ke fitowa cikin mintuna. Za su ce a zauna a ɗaki, a riƙa kawo abinci, galibi har sai an yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da maganin saukar da shi ba.

Wani abu da ya shafe ku musamman, ku da kuka taso daga Kano: zazzaɓin cizon sauro kan ɓoye mako ɗaya zuwa wata guda kafin ya bayyana, kuma farkonsa kamar infuluwenza yake, rawar ɗari da ciwon kai da ciwon jiki. Likitan da ke ganin masu mura ashirin a rana a tsakiyar Bahar Rum ba lallai maleriya ta zo masa a rai ba. Ku faɗa masa tun jimlar farko cewa daga Najeriya kuka zo kwana kaza da suka wuce, ku nemi a gwada duka biyun.

Ga Hajiya, zazzaɓi na hautar da suga ko da ba ta cin abinci. In ta kwanta, a riƙa auna mata duk bayan awa uku zuwa huɗu, a dage mata da ruwa, kuma kada a dakatar da allurar insulin don an ga ta daina ci, likita ne zai ce a rage ko a ƙara. Alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu: numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, ruɗewa ko barcin da ba a iya tayar da mutum, yaro ya yi awa takwas bai yi fitsari ba, ko zazzaɓi ya sauka kwana biyu sannan ya dawo da tari mai kauri, wanda sau da yawa alamar namoniya ce. Littattafai kan ce a duba ko leɓe ya yi shuɗi. A fatarmu ba ya nunawa haka, sai a buɗe leɓen a duba cikinsa da dadashi da ƙasan farce, a ga ko sun yi toka-toka. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini tana da amfani, amma a baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya. In ta ce 95 alhali Hajiya ba ta iya gama magana sai ta tsaya shaƙar iska, ku yarda da idonku.

Zaman yau da gobe a cikin jirgin bai da wuya. Takunkumi mai kama fuska irin N95 ko FFP2 a wurare huɗu: layin shiga jirgi ranar farko, lif, zauren wasanni, da motar yawon gari. Ku ci abinci da wuri kafin zaure ya cika, ko a teburin waje. Cokalin zuba abinci a wurin ɗibi-da-kanka ya ratsa hannu ɗari kafin naka, don haka a wanke hannu bayan an zuba, kafin a ci. Sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 ya fi man goge hannu, domin man mai kashi 60 na sinadarin alkohol yana kashe ƙwayar infuluwenza amma bai cika tasiri a kan norobairos ba, wato mai kawo amai da gudawa, wadda ita ma ta yi suna a jiragen nan.

Tambaya: Ina da juna biyu wata huɗu. Maigidana ya shirya mana tafiyar jirgin ruwa daga Dubai zuwa Abu Dhabi da Doha nan da wata biyu. Zan iya? Wane magani zan riƙe?
*Wata mai karatu daga Kaduna*

Amsa: Malama, ki fara ƙirga makonni da takardar hoton ciki a hannu. Manyan kamfanonin jiragen ba sa ɗaukar mace da za ta shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, domin asibitin jirgi ba shi da kayan riƙe bakwaini. Wata huɗu da wata biyu sun kai ki bakin wannan iyaka ko sun haura, kuma a bakin tasha ake mayar da mutum, sau da yawa babu mayar da kuɗi. In da hali a matso da tafiyar, in babu a ɗaga ta har bayan haihuwa, tare da sanin cewa jariri ma sai ya kai wata shida ake karɓarsa.

Ciki yana ƙara haɗarin infuluwenza, musamman a watannin ƙarshe. Allurar riga-kafin ba ta da illa a kowane watan ciki, har ma jariri na samun kariya daga gare ta a watanninsa na farko. Don zazzaɓi, farasitamol kaɗai: miligiram 500 zuwa 1,000 duk awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini. Ki lura, yawancin haɗe-haɗen maganin mura akwai farasitamol a cikinsu, shan su tare da shi ninki ne da ke cutar da hanta. Kada ki saka maganin tari mai kodin ko tiramadol a jaka, dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana da tsauri ƙwarai a kansu. Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali, da takardar likita.

Tambaya: In na fasa saboda tsoron cutar, za a mayar mini da kuɗina? Inshorar da na yi don bizar Turai ba ta isa ba?
*Mai karatu daga Maraɗi*

Amsa: Alhaji, tsoro kaɗai ba ya cikin dalilan da inshora ta yau da kullum ke biya. Kamfanin jirgin yana da jadawalin tara a takardar yarjejeniyar da aka ba ka: kuɗin da za ka rasa yana ƙaruwa yayin da rana ke matsowa, a makonni biyun ƙarshe kuma galibi duka ne. In kamfanin ne da kansa ya soke tafiya, zai mayar ko ya ba ka wata. Amma canza tasha bai zama sokewa ba. A Afrilun 2009, da murar H1N1 ta ɓulla, manyan kamfanoni sun daina tsayawa a tashoshin Mekziko suka karkata zuwa wasu, tafiyar kuma ta ci gaba. Akwai inshorar da ke ba ka damar fasawa kan kowane dalili, tana mayar da rabi zuwa kashi 75, sai dai ana sayenta ne cikin mako biyu zuwa uku da biyan kuɗin farko.

Inshorar bizar Schengen, wato ta shiga Turai, kuwa dole ta kai ta Yuro 30,000, amma wannan bai tabbatar da cewa ta haɗa da jinya a kan teku ba. Asibitin jirgi na kuɗi ne, ana ɗora lissafin a asusun ɗakinka, ka biya sannan ka nemi inshora ta mayar maka, don haka ka ajiye kowane rasit da rahoton likita. Ka rubuta wa kamfanin inshorar ka tambaye su abu uku, su amsa a rubuce: ko ta rufe jinya a cikin jirgin ruwa, ko ta rufe kwashe mara lafiya da helikwafta ko sauke shi a wata ƙasa tare da mai jinyarsa, da kuma ko ta amince da cutar da kake da ita tun kafin tafiya, irin su suga, hawan jini ko sikila. In ba ka bayyana cutar ba lokacin saye, suna da hujjar ƙin biya ranar da ka kawo takardun asibiti.