Amsa ga mai tambaya kan kalmar sifishis a kemistiri da bayoloji

Salam 'yan uwa. Ƙanena da ka yi tambaya, ka ce a ajin bayoloji an koya muku cewa sifishis shi ne jinsin halitta kamar zaki ko mutum, sai ka shiga kemistiri ka ji malami yana kiran ayon (atom ko tarin atom mai caji) da molikul (atom-atom da suka haɗe) da wannan sunan, shi ne kake son sanin ko abu ɗaya ne ko kuwa malamin ne ya yi tuntuɓen harshe. To malaminka bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ni na yi shekaru ina aikin lab kafin na koma koyarwa, kuma wannan ruɗanin duk shekara sai na gamu da shi a wajen ɗalibai, don haka bari in ɗan yi tsawo, ka yi haƙuri.

Kalmar daga Latin take, asalin ma'anarta kama ko siffa, daga baya ta koma nufin iri ko nau'i. Kowane fanni ya ɗauka ya yi mata tasa iyaka.

Bari in fara da kemistiri tunda nan na fi daɗewa. Idan ɗan kemistiri ya ce sifishis yana nufin tarin ƙwayoyi ne da suke iri ɗaya sak, ko atom ne ko molikul ko ayon, ba wanda za ka ware ka ce ya bambanta da ɗan uwansa. Amfanin kalmar shi ne sunan sinadari kaɗai ba ya gaya maka halinsa. Ranar da na fahimci haka da idona ita ce ranar da na haɗa ruwan Fe2+, wato ƙarfe mai caji 2, domin firaktikal, launinsa kore-kore mai haske, aka bar kwalbar ba a toshe ta da kyau ba har kwana uku, da muka dawo ruwan ya fara komawa rawaya mai duhu, yara suna ɗiga NaOH suna jiran koren dusar da littafi ya ce za su gani sai ga ja-ja kalar tsatsa a gindin tub. Wata yarinya ta ɗago tub ɗin saitin taga ta ce Malam ai an canza mana kwalba. Ba wanda ya canza komai, ƙarfen da na auna yana nan daidai yadda yake, iskar oksijin ce ta ƙwace masa elektron ɗaya ya koma Fe3+. Ƙarfe ɗaya, sifishis biyu, kuma kowanne da halinsa.

Kuma wannan fa ba wasan launi ba ne kawai, har rai yana tafiya a kai. Ƙarfen kuromiyom mai caji 3 ba shi da wata guba sosai, amma mai matakin 6 yana jawo ciwon daji. Abin da ya faru a Minamata ta ƙasar Japan, wanda aka gano a 1956, ba makuri irin na cikin tamomita ba ne ya nakasa mutane, wani nau'insa ne mai haɗe da kabon da ake kira metilmakuri, shi ne yake taruwa a jikin kifi ya shiga ƙwaƙwalwar wanda ya ci. Haka amoniya a cikin ruwa, tana zama NH3 ko NH4+, na farkon ne yake kashe kifi, kuma pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da zafin ruwan ne suke yanke wanne zai fi yawa, idan pH ya kai wajen 9.25 sun zama rabi da rabi. Shi yasa ni idan aka miƙo min sakamakon gwaji aka rubuta jimillar sinadari kaza kawai, gaskiya hankalina ba ya kwanciya sai na ji a wane nau'i yake. Akwai ma wani abu da ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, IUPAC, ta saka a ma'anarta wanda mutane suke tsallakewa, wato lokacin da gwajin yake ɗauka, domin abu biyu da suke juyawa zuwa juna cikin sauri sosai, na'ura mai jinkiri za ta gan su abu ɗaya, mai sauri ta gan su biyu.

Yanzu bayoloji, a nan ne ake kai ruwa rana. Ka ga a kemistiri 'yan jinsi ɗaya kamarsu ɗaya, to a halittu masu rai ba haka ba ne, ni da kai duk Homo sapiens ne amma ko zanen yatsanmu ba ɗaya ba. Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin shi ya daidaita tsarin suna biyu ɗin nan, na tsirrai a 1753, na dabbobi a 1758, kuma shi da siffa ya fi dogara. Ma'anar da aka ba ku a aji kuwa, cewa jinsi shi ne waɗanda za su iya barbara da juna su haifi 'ya'ya masu haihuwa, ta Ernst Mayr ce ta 1942. Misalin da kowa ya sani shi ne doki da jaki, doki yana da kuromosom (ƙunshin da ke ɗauke da DNA a ƙwayar halitta) 64, jaki 62, alfadarin da suke haifa 63, shi yasa kusan kullum ba ya haihuwa, sai aka ce jinsi biyu ne.

Amma ma'anar tana da ɓaraka da yawa, kuma ni ina ganin bai kamata a riƙa ɓoye wa ɗalibai wannan ba. Bakteriya ba sa barbara, rabewa biyu suke yi, to da me za ka auna su? Sai masana suka koma kwatanta DNA, idan kamancen ya kai wajen kashi 95 cikin 100 a ce jinsi ɗaya ne, kuma wannan lambar mutane ne suka yarda da ita saboda tana aiki. Dabbar da ta ƙare sai ƙashinta ya rage fa, wa zai gwada barbararta? Mutanen Niyandatal ma, wasu mutanen zamanin da da suka ƙare, da ake lissafa su daban, ga shi an samu kusan kashi 1 zuwa 2 na DNA ɗinsu a jikin mutanen da asalinsu ba Afirka ba, aikin da ya ba Svante Pääbo kyautar Nobel a 2022. Shi kansa Darwin a 1859 ya ce shi a ganinsa sunan sifishis ana ba da shi ne don sauƙin aiki, ba wata katanga tsakaninsa da ire-iren da ke cikin jinsi ɗaya.

Sai dai kar ka ɗauka tunda iyakar tana rawa ba ta da amfani. Na taɓa taya wasu masu binciken sauro aiki na 'yan makonni, aka jera min sauro a ƙarƙashin maikuroskof, na duba ɗigon fiffike na duba ƙafa, wallahi ban ga bambancin komai ba, duk Anopheles gambiae na rubuta. Da aka yi gwajin PCR, mai duba DNA, sai ga shi ba jinsi ɗaya ba ne, akwai arabiensis a ciki, akwai coluzzii wanda sai 2013 aka ba shi sunansa na kansa. Kuma halinsu ya bambanta, arabiensis ya fi yarda ya ciji shanu ya kuma yi cizo a waje, ka ga gidan sauro da feshin cikin ɗaki ba za su kama shi kamar sauran ba. Haka giwar Afirka, a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fara lissafa ta jinsi biyu, ta kurmi da ta fili, nan take ya fito fili cewa ta kurmi tana gab da ƙarewa, abin da lissafin haɗaka ya rufe a baya.

Maganar jarrabawa kuma, idan a kemistiri aka ce ka lissafo sifishis da ke cikin ruwan da CO2 ya narke, kar ka rubuta sunan sinadari kawai, ka kawo CO2, H2CO3, HCO3-, CO3 mai caji biyu, H+ da OH-, ka saka ruwan kansa, kuma kowanne da cajinsa domin barin caji yana cinye maki. A bayoloji ka ba su ma'anar Mayr, ka ƙara layi ɗaya cewa ba ta aiki a kan bakteriya da halittun da suka ƙare, sunan kuma farkon kalmar farko babban baƙi, ta biyu ƙarami, ka ja layi a ƙarƙashi idan da hannu kake rubutawa. Idan akwai inda bai fito ba ka sake tambaya, ina nan.