Muryar amsa kan zuba kayan miya a ƙarƙashin mangwaro

Salamu alaikum jama'ar guruf. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce kana da mangwaro da gwaba a garkarka wajen Jiratawa, kusa da Maraɗi, kana so ka zuba tumatir da tattasai a tsakani tunda ga fili kuma ruwa ɗaya ne. To ni abin da na ji kana tambaya shi ne ko kuɗin esansin injin ban ruwa zai fita. Zai fita bana. Icen ne zai biya bashin baɗi.

Wannan maganar ta "ruwa ɗaya" ita ce ba ta shiga kunnena. Mangwaro yana son ƙishirwa kafin ya yi fure. Damina ta ɗauke, ka bar shi ya sha iskar hunturu, wajen Disamba zuwa Janairu ka ga ya yi fari fat. To lokacin nan ne tumatir ke neman ruwa safe da yamma, ga takin zamani. Icen ya sha ya ƙoshi, sai ya yi ta tofo, ganye shar, ɗiya babu. Kuma ruwan ma ba na banza ba ne. Tun da aka datse gulbin Maraɗi a Jibiya, can Najeriya, rijiyoyinmu sai ƙara zurfi suke, esansin da muke samu da sauƙi ta iyakar Ɗan Isa kuwa, tun 2023 da Najeriya ta cire tallafi, kowa ya san yadda ake ciki.

Gwabar ce ma ta fi tsorata ni. Tumatir, tattasai, kuɓewa, yalo, duk suna tara tsutsar nan ta saiwa wadda ido ba ya gani. Ka tuge tumatir ka ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, ita ce. In ta kama gwaba, ganye ya yi ja, ya bushe, shi ke nan. Ni wani na ba aron ƙasan garkata, saboda Allah, ko dala ban amsa ba. Ya kawo dashen tumatir daga inda ban sani ba, ya yi fangalai har jikin ice, ya sa garma ya yayyanke saiwa. Na ce masa ya bar taku uku daga gindi, ya ce to Alhaji. Na juya baya ya cika wurin da ruwa. Lemuna har ƙaro ya riƙa fitarwa a gindi, don lemu ba ya son ruwa ya kwanta masa a wuya. Sannan yana feshi mangwaro na tsakiyar fure, ƙuda da zuma masu ɗaukar ƙurar furen suka watse. Ya kwashe kwandunansa ya kai kasuwa, ni aka bar ni da sassabe matacciyar gwaba. Har yau in mun haɗu a masallaci sai ya ce yaya garka. Wallahi abin yana mini ciwo, ice ne da na raina tun yana dashe.

To, ban ce kada ka shuka komai ba, kada a fassara ni. Shekarar icenka nawa? Ba ka faɗa ba. In mai aure ne ƙarami, wato wanda aka haɗa wa reshen iri mai kyau, kuma ka ba shi mita 10 tsakani, shekara 4 ko 5 na farko filin naka ne. Sa wake ko gyaɗa da damina, suna gyara ƙasa, ga harawa. Albasa da salati da rani, can tsakiyar layi. Zogale ma, amma a gefe wajen shinge, kuma ka riƙa yanke shi. Rogo kam bar shi, yana tsotse ƙasa. In kuwa rassa sun riga sun haɗe, inuwa ta rufe, ko ka zuba iri sai ya yi tsawo siriri ya faɗi.

Akwai kuma maganar ƙudan da ke ɓata ɗiyan mangwaro da kankana, amma wannan doguwa ce, kuma an kira la'asar. Ka tuge tumatir ɗaya na maƙwabcinka ka ɗauki hoton saiwar ka turo mana nan, kafin ka sayi iri ko na jika ɗaya.