Wane shirin tara maki ya kamata in zuba tafiye-tafiyena?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina zuwa Guangzhou sarin kaya sau huɗu ko biyar a shekara, galibi da Ethiopian Airlines, wani lokaci da EgyptAir, sannan nakan bi Qatar Airways idan ya fi araha. Na yi rajista da dukkansu uku, amma har yau makina ba su kai ko'ina ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Alhaji, kuskuren shi ne rarrabawar da kake yi. Ethiopian da EgyptAir duk suna cikin ƙawance ɗaya, wato Star Alliance, wanda EgyptAir ya shiga a 2008, Ethiopian kuma a 2011. Saboda haka idan ka hau EgyptAir, kana iya ba da lambarka ta ShebaMiles, wato shirin tara maki na Ethiopian, makin su shiga asusunka na Ethiopian. Sai dai tafiya ɗaya asusu ɗaya take shiga, ba a raba ta biyu. Qatar kuwa yana cikin wani ƙawancen daban, Oneworld, tun 2013, don haka makinsa ba sa haɗuwa da waɗancan, sai ka bar su a Privilege Club, shirin tara maki na Qatar.

Tunda Ethiopian ne ka fi hawa, a ganina ShebaMiles ya dace ya zama babban asusunka. Dalilin da ya fi muhimmanci ga mai sarin kaya shi ne matsayi, fiye ma da tikitin kyauta. Wanda ya kai darajar Star Alliance Gold yakan samu ƙarin kilo 20 ko ƙarin jaka ɗaya a jiragen ƙawancen, da ɗakin hutawa a filin jirgi, da shiga jirgi kafin sauran fasinjoji, ko da yake wasu tikitocin masu arha sosai ba su cikin wannan rangwame. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban sikeli a Guangzhou yana zare atamfa da takalma daga jaka don kilo biyar sun yi yawa, ya san amfanin wannan.

Akwai kuma abin da yawancin matafiya ba sa dubawa, wato harafin da ke jikin tikiti. Mutum biyu za su zauna kujera kusa da kujera, ɗaya ya samu cikakken maki, ɗaya ya samu rabi ko ƙasa da haka, saboda harafin ajin kuɗin tikitinsu ya bambanta, kuma kowane shiri yana da nasa jadawalin lissafi. Kafin ka biya, ka tambayi ejan ɗinka wane harafi ya yanka maka, ka duba jadawalin ShebaMiles, musamman idan jirgin EgyptAir ne.

Ka tabbatar an rubuta lambarka tun lokacin sayen tikiti, kuma sunan da ke asusun ya yi daidai da na fasfo. Ka adana katin shiga jirgi har sai makin sun bayyana, domin da shi ake neman waɗanda suka ɓace, kuma wa'adin neman yana da iyaka.