Amsa ga mai tambaya a kan farin karas

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki tun daren jiya. Kin ce kin sayo wani abu a kanti mai kama da karas amma fari, kin yanka shi a dafa-duka, sai shinkafar ta yi zaƙi da wani ƙamshi da ba ki gane ba, kina tsoron ko lalacewa ya yi. Kwantar da hankalinki, lafiyarsa ƙalau. Fasnif ake ce masa, dangin karas ne, amma halinsa a tukunya daban.

Ni ma na sha irin wannan a shekarar da na zo Ingila. A miyar dage-dage na zuba shi, manya-manya, ina murnar na samu karas mai araha. Maigida ya yi loma biyu ya ajiye cokali, ya ce, "Yau kuma sukari aka sa mana a miya?" Na rantse ban sa ba, ya ƙi yarda.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta warware min. Tana da ɗan fili da take haya a wajen ƙaramar hukuma tana shuka kayan lambu. Ta ce tana shuka shi wajen Maris ko Afrilu, amma ba ta tono sai sanyi ya sauka har raɓa ta daskare a kan ciyawa, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sanyin ne ke juya sitacin da ke cikinsa ya koma sukari. Asalinsa na Turai da yammacin Asiya ne, tun zamanin Rumawa ake nomansa, kuma kafin sukarin rake ya wadata a nan, da shi suke zaƙaƙa wasu abincinsu. Kuma ba ya rasuwa a teburinsu ranar Kirsimeti.

Tun daga ranar na daina yi masa kallon karas, na koma ɗaukarsa kamar dankalin Hausa. Gashi ya fi karɓarsa. Ki fere shi, ki tsaga shi huɗu a tsaye. In babba ne za ki ga wata zuciya mai tauri a tsakiya kamar itace, ki cire ta, don ko kwana za ki yi kina dafawa ba za ta yi laushi ba. Ki tafasa minti 5 da gishiri, ki tsane, ki bar tururin ya fita, sannan ki shafe shi da mai ki shimfiɗa a faranti kada su hau kan juna. Oben a kan digiri 200, minti 30 zuwa 35, ki juya sau ɗaya. Bakin-bakinsa zai yi ja ya ɗan ƙone, wajen nan ne daɗin yake. Su Turawa zuma suke ƙara masa. Ni dai a ganina zaƙi a kan zaƙi ya yi yawa, yajin ƙuli nake barbaɗawa yana fitowa daga wuta, yara har faɗa suke yi a kansa.

In kuma a miya kike so, miyar taushe ce wurinsa. Ranar da ban samu kabewa ba nakan sa guda biyu, su narke cikin gyaɗar, sai in ƙara attarugu da ɗan tsami, yakuwa in akwai, in babu lemon tsami. Minti 15 ya ishe shi. Akwai kuma wani ƙato mai zagaye, samansa shunayya cikinsa rawaya, suwid suke ce masa. Shi yana da taurin kai, sai ya yi kusan rabin awa, kuma yana shiga fate sosai.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne karanta ledar. A kan kayan lambu suna rubuta ƙasar da abu ya fito. Da sanyi za ki ga fasnif ɗin na nan gida ne, galibi daga gabashin Ingila kamar Nofok. Da bazara ta shigo sai ki fara ganin na Sifen, ni kuwa a bakina bai kai na hunturu zaƙi ba. Sanin inda abu ya taso ma shi ke gaya miki inda za ki ajiye shi. Fasnif da karas da suwid 'ya'yan sanyi ne, firji gidansu ne. Doya kuwa, wadda ta Afirka ta Yamma ce gaba da baya, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 12 sai ta fara lalacewa daga ciki. Na taɓa sayen manya biyu da tsada a shagon 'yan Afirka, kwalin an rubuta Gana, na cusa su a firji wai ina adanawa. Da na yanka, cikin ya yi toka-toka ya jiƙe. Ranar na kusa kuka. Yanzu a kabad nake ajiyewa, ko in fere in yanka in daskarar gaba ɗaya. Rogo shi kwana biyu zuwa uku yake yi bayan tono ya fara baƙi, dalilin da ya sa za ki gan shi a nan an shafe shi da kakin kyandir.

Wani abin dariya, karatun leda ne ya sa na gano sunayenmu ma ba sa faɗin gaskiya. Dankalin da muke cewa na Turawa, wanda ake nomawa a Filato, asalinsa duwatsun Andis ne a Feru, Turawan ma baƙo ne a wurinsu. Wanda muke cewa na Hausa shi ma daga nahiyar Amurka ya zo. Rogon da Najeriya ta fi kowace ƙasa nomawa, 'yan Fotugal ne suka ɗauko shi daga Burazil a ƙarni na 16. Namu na kaka da kakanni su ne doya da rizga da tumuku, kuma rizga da tumukun ne ban taɓa cin karo da su a wani shago a ƙasar nan ba, ga shi ina kwaɗayin dafaffiyar rizga da yaji ba kaɗan ba.

Sauran ukun da kika ce sun rage, kada ki zubar. In sun ɗan yi yaushi ki jiƙa su a ruwan sanyi na awa ɗaya, za su miƙe. Ki gasa su gobe da cinyar kaza a faranti ɗaya, man kazar ya ratsa su. A gaida maigida.